Gwangwanayen fim da mahaifina ya bari: tarihi ne, haja ce, ko guba?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun injiniya a Tarayyar Sobiyat a shekarun 1970, kuma da muka zo rabon kayansa bara sai muka tarar da gwangwanayen fim guda tara a cikin wani akwatin ƙarfe, tare da fostoci huɗu masu rubutun Rashanci. Wani abokina da yake jin harshen ya ce yawancinsu fina-finan yabon Lenin ne da na gonakin gwamnati. Da na fara bincike a intanet sai na ga ana cinikin irin waɗannan kaya, har wani dillali ya yi mini tallar fostar wani fim na zamanin Hitler, yana cewa kuɗinta zai ninka nan gaba. Shin waɗannan abubuwa kayan tarihi ne da ya kamata a adana, ko ƙarya ce kawai aka naɗe a gwangwani? Suna da daraja a kasuwa? Kuma ya dace in nuna wa ɗalibaina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata namu zuwan. Idan na fahimce ka daidai, Malam, abubuwa uku kake son sani: ko abin da aka shirya domin yaudarar jama'a zai iya zama madogarar tarihi, ko akwai riba a tara irin waɗannan kaya, da kuma ko ya dace malami ya sa su a gaban yara. Zan ƙara na huɗu wanda ba ka tambaya ba, wato halin da gwangwanayen suke ciki a yanzu, domin na daɗe ina buɗe irinsu kuma na san abin da zafin ƙasarmu yake yi wa fim. Ra'ayina shi ne a adana su, amma irin adanawar da kotu take yi wa wuƙar da aka kawo mata a matsayin shaida, wadda ake liƙa mata takardar da ta faɗi wanda ya riƙe ta da wanda aka soka da ita.

Gwamnatocin kama-karya na ƙarni na 20 sun ɗauki silima da muhimmancin da suka ba rundunar soja. A watan Agusta na 1919, ana tsakiyar yaƙin basasa a Rasha, Lenin ya sa hannu a dokar da ta mayar da harkar fim mallakar gwamnati, kuma aka riƙa tura jiragen ƙasa ɗauke da majigi zuwa ƙauyukan da yawancin mutanensu ba su iya karatu ba. A Italiya an kafa cibiyar Luce a 1924 domin shirya labaran silima, sannan Mussolini ya buɗe katafaren wurin shirya fim na Cinecittà a birnin Rum a 1937, ƙarƙashin taken da ke cewa silima ce makami mafi ƙarfi. A Jamus kuwa Hitler ya hau mulki a ƙarshen Janairun 1933, kuma watan Maris bai ƙare ba sai da aka kafa ma'aikatar farfaganda aka damƙa ta ga Joseph Goebbels. Dukkansu sun gane abin da Bahaushe ya riga ya faɗa, cewa gani ya kori ji, sai suka yi ƙoƙarin mallake abin da za a gani. Mu ma ba baƙin wannan dabara ba ne, domin Turawan Ingila sun kafa sashen fim na mulkin mallaka a 1939 ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Najeriya, kuma motocin majigin da suka zagaya garuruwanmu sun nuna wa kakanninmu yaƙin Hitila ta fuskar da London take so a gan shi. Mulkin mallaka da mulkin Nazi ba abu ɗaya ba ne, amma duk wanda ya ji labarin yadda gari yakan fito dandali idan motar majigi ta iso zai fahimci abin da ya sa masu mulki suke kwaɗayin wannan farin ƙyalle.

Shaidar me waɗannan fina-finai suke bayarwa?

Kuskuren da na fi gani, har a wajen masu shirya shirye-shiryen tarihi na talabijin, shi ne a ɗauki fim ɗin farfaganda a matsayin taga da ake leƙen abin da ya faru. Abin da yake tabbatarwa shi ne yadda mai mulki ya so a gan shi, da abin da yake tsoro, da abin da ya ɓoye, kuma wannan shaida ce mai nauyi ƙwarai idan an san yadda ake karanta ta.

Ɗauki shahararren fim ɗin Leni Riefenstahl, Triumph des Willens, wato nasarar ƙudurin zuciya, wanda aka ɗauka a taron jam'iyyar Nazi na Nuremberg a 1934 aka fitar a 1935. Har ta rasu a 2003 tana da shekara 101 matar tana cewa ita abin da ya faru kawai ta ɗauka. Amma an ba ta kyamarori kusan 30, an shimfiɗa musu layin dogo, an kafa ƙaramin lif a jikin sandar tuta domin a ɗauki taron daga sama, kuma Albert Speer, maginin Hitler, ya rubuta cewa an sake ɗaukar jawaban wasu shugabannin jam'iyyar a ɗakin shirya fim bayan an watse. Abin da ya fi wannan amfani ga mai tarihi shi ne fim ɗin da ta yi shekara guda kafin wannan, Der Sieg des Glaubens na taron 1933, inda ake ganin Ernst Röhm, shugaban dakarun jam'iyyar, kafaɗa da kafaɗa da Hitler. A tsakiyar 1934 Hitler ya sa aka kashe Röhm, aka janye fim ɗin, kuma sai bayan shekaru masu yawa wani kwafi da ya tsira ya bayyana. Idan ka jera fina-finan biyu za ka ga da idonka yadda ake shafe mutum daga tarihi, kuma da an ƙone wancan kwafin da wannan shaida ta tafi.

A ɓangaren Sobiyat lamarin ya fi shafarka kai tsaye. Fim ɗin Sergei Eisenstein mai suna Oktoba, wanda aka shirya domin cika shekara 10 da juyin juya halin 1917, ya nuna dubban mutane suna afka wa fadar sarki ta birnin Petrograd, alhali ainihin kama fadar bai kai kusa da haka ba, kuma daga baya an sha ɗebo waɗannan hotuna a saka su cikin shirye-shiryen tarihi kamar a ranar aka ɗauke su. Kafin a fitar da shi an yanke yawancin wuraren da Trotsky, ɗaya daga cikin jagororin juyin, ya fito, domin a lokacin Stalin, wanda ya gaji mulki bayan Lenin, ya riga ya kayar da shi. Fim ɗin Alexander Nevsky na 1938, wanda yake nuna Rashawa suna fatattakar mayaƙan Jamus na zamanin da, an ɗauke shi daga gidajen silima bayan yarjejeniyar Stalin da Hitler ta 1939, sannan aka dawo da shi da gaggawa da Jamus ta kawo hari a 1941. Shi kansa Stalin bai tsira daga almakashi ba, domin bayan jawabin da Khrushchev, magajin Stalin, ya yi a asirce a 1956 yana sukar Stalin, an koma kan fina-finai irin su Lenin a Oktoba na 1937 an cire Stalin daga cikinsu, a wasu wuraren ma an rufe shi da bayan wani ɗan wasa. A cikin wannan jawabi ne Khrushchev ya ce Stalin bai san ƙauye ba sai ta fina-finan da ke nuna teburan manoma suna lanƙwasa saboda nauyin talo-talo da dinya. Saboda haka idan a cikin gwangwanayenka akwai fim ɗin Lenin da aka wanke a shekarun 1970, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wane zubi ne, wa yake ciki, wa aka cire. Fim ɗin gonakin gwamnati kuma ba zai gaya maka abin da manomi ya ci ba, amma zai gaya maka abin da Mosko take so ɗalibi daga Afirka ya tafi da shi gida.

Akwai misalai biyu da nake so ka riƙe sosai, domin su ne suka sa na daina ɗaukar wannan aiki da sauƙi. A 1942 masu ɗaukar hoto na Jamus sun shiga unguwar da aka killace Yahudawa a birnin Warsaw, suka ɗauki fim na kusan awa guda wanda ba a kammala ba. Bayan yaƙi an same shi a ma'adanar Jamus ta Gabas, kuma shekaru da dama ana amfani da shi a matsayin hoton gaskiya na rayuwar unguwar, har da wuraren da ake ganin wasu Yahudawa cikin ado suna wuce gawarwaki a titi ba su ko waiwaya ba. Sai a 1998 aka gano wani naɗin fim na ragowar da aka zubar, wanda ya nuna ana maimaita ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa, ana tsara mutane, har ana hango masu kyamarar cikin kakin soja. Ashe an tilasta wa mutanen ne su yi wasan rashin tausayi domin a nuna wa duniya cewa su ne azzaluman junansu. Ragowar da ba wanda ya ɗauka da daraja ita ce ta tona asirin.

Na biyu shi ne fim ɗin Theresienstadt na 1944, wani sansani da 'yan Nazi suka tsare Yahudawa a ciki, wanda aka tilasta wa Kurt Gerron, fitaccen ɗan wasa Bayahude da ke tsare a can, ya jagoranci ɗaukarsa. Ana ganin yara suna cin burodi, ana buga ƙwallo, ana kiɗa, ana aikin lambu. Da aka gama, a watan Oktoba na wannan shekara, aka tura Gerron zuwa sansanin kisa na Auschwitz aka kashe shi, haka ma da yawa daga cikin waɗanda suka fito a fim ɗin. Abin da ya tsira daga fim ɗin bai wuce kimanin minti 20 ba. Kowane ɗigo a cikinsa ƙarya ne, amma kuma shi ne hoton ƙarshe na fuskokin waɗannan mutane, kuma akwai iyalan da suka gane 'yan uwansu a ciki. Wanda ya ce a ƙone shi saboda ƙarya ce zai ƙone fuskokin tare da ƙaryar.

Wani lokacin abin da babu a fim shi ne shaidar. Labaran silima na Luce game da mamayar Habasha a 1935 da 1936 cike suke da hanyoyi da gadoji da sojoji masu murmushi, ba za ka ga iskar gubar da jiragen Italiya suka zuba wa mutane ba, kuma sai a 1996 gwamnatin Italiya ta amsa a hukumance cewa an yi amfani da ita. A shari'ar da aka yi wa shugabannin Nazi a Nuremberg bayan yaƙi kuwa, a watan Disamba na 1945, masu gabatar da ƙara sun harhaɗa fina-finan da 'yan Nazi suka ɗauka da hannunsu suka haska wa kotu a gaban waɗanda ake tuhuma.

Gwangwanayen da ke hannunka

Kada ka nemi majigi ka saka su, ko da wani ya ce yana da tsohon inji mai aiki. Fim yakan ƙanƙance idan ya tsufa, ramukan gefensa su daina dacewa da haƙoran inji, kuma a cikin minti ɗaya injin zai iya yayyaga abin da ya shekara 50 a kwance.

Fara da auna faɗin zaren fim ɗin. Idan milimita 16 ne, wanda shi na fi zato domin da shi ofisoshin jakadanci da cibiyoyin al'adu suke rarraba fina-finansu, to kusan tabbas na roba mai aminci ne, wato wadda ba ta saurin kamawa da wuta. Idan milimita 35 ne, sai ka yi hattara, domin har zuwa farkon shekarun 1950 ana yin irin wannan da sinadarin naitiret, kuma a ƙasashen gurguzu an ɗan daɗe fiye da haka ana amfani da shi. Naitiret yana ci da wuta ko a cikin ruwa saboda yana samar wa kansa iskar da wuta take buƙata, hayaƙinsa guba ne, kuma idan ya fara ruɓewa yana iya kamawa da kansa a zafin da bai fi digiri 40 da 'yan kai ba, wanda ka san ɗaki mai rufin kwano yakan wuce shi a watan Afrilu. A 1978 irin wannan gobara ta cinye fiye da ƙafa miliyan 12 na labaran silima a ma'adanar gwamnatin Amurka da ke Suitland, wurin da aka gina musamman domin ajiye shi. Alamarsa ita ce zaren ya koma ruwan ƙasa, ya yi danƙo, ya riƙa kumfa, daga ƙarshe ya zama gari. Idan ka ga haka, fitar da shi daga ɗakin kwana zuwa inuwa mai iska nesa da wuta, ka nemi masana.

Shi kuma mai amincin yana da tasa cutar. Na taɓa buɗe wani gwangwani da aka ajiye a sito shekaru da yawa, murfin ya yi tsatsa sai da na bi gefensa da bakin cokali, kuma yana buɗewa wani tsami irin na ruwan khal ya daki hancina har idona ya kawo ruwa. Zaren ya kumbura, gefensa ya yi lanƙwasa kamar ganyen da rana ta buga, tsakiyarsa kuma ya manne ya zama dunƙule kamar curin daddawa. Wannan tsami alama ce cewa robar tana sakin asid, zafi da laima suna hanzarta shi, ba ya komawa baya, kuma yana harbin na kusa da shi. Saboda haka ka buɗe gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya a waje, ka sansana daga nesa, ka ware masu tsami daga marasa tsami, ka kwantar da su a kwance a ɗakin da ya fi sanyi da bushewa a gidan, ba a ƙasa ba kuma ba a jikin bangon da rana take duka ba. Kada ka ƙulle su a leda, domin tsamin zai taru a ciki.

Da hannu mai tsabta, ka riƙe zaren ta gefe ka warware kamar kamu biyu ka ɗaga shi ga haske. A bakin gefen za ka ga ƙananan haruffa na masana'antar da ta yi shi. Svema ta garin Shostka ce a Yukren, Tasma ta Kazan ce, ORWO kuma ta Jamus ta Gabas ce, kuma wannan suna bai fito ba sai a 1964, lokacin da masana'antar Agfa ta Wolfen ta sauya suna. Da wannan kaɗai na taɓa gane cewa wani fim da aka kawo mini a matsayin na asali daga zamanin Hitler kwafi ne da aka wanke aƙalla shekara 19 bayan mutuwarsa. Kuma kada ka zubar da ko guntun takarda da ke cikin akwatin, ko lakabin jikin gwangwani, ko hatimi, ko rasit, domin su ne asalin kayan, kuma fim marar asali rabin darajarsa ta tafi.

Maganar kasuwa

Ba zan iya sa wa kayanka farashi ba tare da na gan su ba, amma zan gaya maka abin da ya kamata ka sa rai da shi. Irin waɗannan fina-finai an wanke su da yawa, uwayensu, wato kwafinsu na asali, suna ajiye a ma'adanar Gosfilmofond da ke kusa da Mosko da ta Krasnogorsk, kuma kamfanin Mosfilm ya saki ɗaruruwan fina-finansa kyauta a YouTube. Mai saye ba zai biya kuɗi mai yawa a kan abin da yake da yawa ba, balle idan ya fara tsami ko launinsa ya koma ja-ja. Fostoci sun fi fim kasuwa, amma waɗanda ake rububi a manyan gidajen gwanjo su ne na shekarun 1920, irin zanen 'yan uwan nan biyu Stenberg da na Alexander Rodchenko, waɗanda kaɗan ne suka tsira. Na shekarun 1970 akan buga su dubbai. Ka sa abokinka ya karanta ƙananan rubutun da ke can ƙasan kowace fosta, domin al'adar maɗaba'un Sobiyat ce su rubuta shekarar bugu da adadin da aka buga da farashi, kuma daga nan za ka san matsayinta. Ka kuma sani cewa mallakar kwafin fim ba ta ba ka haƙƙin nuna shi domin kuɗi ko yaɗa shi.

Game da fostar da dillalin yake yi maka talla, shawarata ita ce ka bar masa abarsa. Babu kasuwar kayan tarihi da jabu ya yi wa katutu kamar ta kayan Nazi. A 1983 mujallar Stern ta Jamus, da duk masananta, ta biya fiye da mak miliyan 9, kuɗin Jamus na lokacin, a kan littattafan da aka ce Hitler ne ya rubuta abubuwan da ke faruwa da shi kullum a ciki, ashe wani mai suna Konrad Kujau ne ya zauna ya ƙirƙire su. Idan aka yi wa waɗannan haka, mai saye daga nesa da hoton waya kawai ba shi da kariya. Sannan akwai doka. A Jamus yaɗa alamomin Nazi laifi ne in ba domin ilimi ko bincike ko makamancinsu ba, Ostiriya da Faransa suna da nasu hani, kuma kasuwar intanet ta eBay ta hana cinikin yawancin irin waɗannan kaya tun 2001. Ni ba lauya ba ne, kuma hukuncin ya danganta da ƙasar da kaya za su fito da wadda za su bi, amma kayan da ba za ka iya sayarwa a fili a manyan kasuwanni ba, da wuya a kira su jari.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai saya daga hannunka ran da ka tashi sayarwa. A cikin fina-finai kimanin 1,200 da aka yi a Jamus daga 1933 zuwa 1945, yawancinsu na soyayya ne da raha da waƙa, domin Goebbels ya fi son saƙon da ba a jin shigarsa. Amma akwai kusan 40 da har yau gidauniyar Murnau da ke Wiesbaden, wadda take riƙe da haƙƙin mafi yawansu, ba ta yarda a nuna su sai da masani da zai yi bayani kafin a fara a kuma tattauna bayan an gama. Cikinsu akwai Jud Süß na Veit Harlan, fim ɗin ƙin jinin Yahudawa na 1940, wanda mutane kimanin miliyan 20 suka kalla, kuma Himmler, shugaban SS, wato dakarun Hitler na musamman, ya ba da umarni a nuna wa dakarun nasa da 'yan sanda. Fostocin irin waɗannan ne suka fi tsada, kuma wani kaso na masu neman su ba tarihi ne ya dame su ba, sha'awar abin ce take jan su. A 2019 wani ɗan kasuwa haifaffen Lebanon mazaunin Suwizalan, Abdallah Chatila, ya kashe kusan yuro dubu 600 ya sayi kayan Hitler a wani gwanjo a Munich domin kawai kada su faɗa hannun irin waɗannan mutane, sannan ya ba da su kyauta, suka ƙare a Yad Vashem, cibiyar tunawa da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe.

Dole in yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Masu tara kaya na ƙashin kansu sun ceci fina-finai da yawa da gwamnatoci suka yi sakaci da su, kuma akwai masana da suke ganin kulle fim yana ƙara masa kwarjini ne kawai, tunda ga shi nan a intanet babu mai bayani a gefensa. Haka kuma ba ina cewa kayan Sobiyat tsarkakakku ba ne, domin mulkin da ya yi fina-finan gonakin nan shi ne ya jawo yunwar 1932 da 1933 da ta kashe miliyoyi, shi ne kuma ya yi kisan gillar 1937 da 1938. Bambancin da nake gani shi ne yadda abin ya zo hannunka. Gwangwanayen mahaifinka gado ne, kuma suna ɗauke da wani tarihi da ya shafe mu, na lokacin da Mosko ta sayar wa gwamnatin tarayya makamai a yaƙin basasa, ta riƙa ba matasanmu guraben karatu, har aka kai ga kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a 1979. Fostar dillali kuwa ba ta da alaƙa da kai sai ta kuɗin da za ka zuba a kasuwar da take rayuwa da ɗaukaka masu kisa.

A cikin aji

Ka nuna musu, amma kada ka kashe fitila ka kunna ka koma gefe. Waɗannan fina-finai ƙwararru ne suka yi su, kuma har yanzu suna aiki. Na taɓa haska wa wasu ɗalibai minti goma na farkon fim ɗin Riefenstahl ba tare da na yi musu shimfiɗa ba, inda jirgin Hitler yake ratsa gajimare yana saukowa, inuwarsa tana bin titunan gari, mata suna ɗaga yara domin su gan shi. Da na kunna fitila ɗakin ya yi tsit, sai wani yaro mai hankali ya ce, "Malam, wallahi da ina wurin da na bi shi." Gaskiya ya faɗa, kuma kuskuren nawa ne. Tun daga ranar nakan fara da tarihin, in faɗi abin da ya biyo bayan taron, sannan in nuna minti uku ko biyar, in tsayar, mu koma baya, in tambaye su inda mai kyamarar yake tsaye, da wanda ya ba shi izinin tsayawa a can, da dalilin da ya sa kullum daga ƙasa ake ɗaukar shugaba, da irin mutanen da ba a gani a taron ko kaɗan. Wani lokacin nakan kashe sautin gaba ɗaya, domin su ji yadda rabin kwarjinin yake tafiya da kiɗan. Bayan haka sai in karanta musu shaidar wani da ya rayu a ƙarƙashin mulkin.

Fina-finan ƙiyayya tsantsa, irin Jud Süß da Der ewige Jude wanda ya kwatanta Yahudawa da ɓeraye, ba na ganin ya dace a haska su ga 'yan sakandare ko da guntu ne, domin hoton yakan zauna a zuciya bayan bayanin malami ya gushe. Ya isa ka gaya musu abin da ke ciki, ka tuna musu cewa a Ruwanda a 1994 da kiran mutane kyankyasai a gidan rediyo aka share fagen kisa, sannan ka bar su su kawo misalan da suke gani a wayoyinsu, na bidiyon da ake yanka a cire farkonsa ko a liƙa masa labarin wani gari.

Domin aji ba ka buƙatar taɓa gwangwanayen mahaifinka, tunda akwai kwafi masu kyau a intanet. Su abin da suke buƙata shi ne wurin da ake da sanyi da na'urar da za ta mayar da su hoton kwamfuta ba tare da ta ja su da haƙori ba. Ka tuntuɓi ma'adanar fina-finai ta ƙasa da ke Jos, ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano gwangwanayensa, aka gyara shi tare da cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Berlin, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018, saboda haka akwai waɗanda suka san wannan aiki. Kafin ka je, ka ɗauki hoton kowane lakabi, ka sa abokinka ya rubuta maka sunan kowane fim da shekararsa, sannan ka zauna da mahaifiyarka ko abokan karatun mahaifinka da suke raye ka tambaye su wanda ya ba shi fina-finan, da ko ya taɓa haska su a gida, da abin da yakan ce game da su. Ka rubuta amsar da suka ba ka a takarda, ka sa kwanan wata, ka ajiye ta a cikin akwatin.